Rijiyar Jariri

Yaron gwamnati ya zo da takarda da igiyar awo,
wai in nuna masa inda unguwarmu ta faro.
Na ce ɗana, aje igiyar,
wurin nan da tafin ƙafa aka auna shi.

Gabas, duwatsun can ne, durƙushe kamar giwaye,
su yini suna shan rana,
da dare su amayo mana ita har cikin ɗaka.
Yamma ganuwar Birni, ko abin da damina ta rage mata.
Kudu tafki: wata uku na kwaɗi,
sauran na masu buga tubali.
Arewa kam ban san iyakarta ba,
kullum gari ya waye wani ya kafa danni gaba da na jiya.

Kakana Jariri ya fara sauka nan.
Majemi ne. Na cikin ganuwa suka ce warin fata ya ishe su,
alhali takalmin ƙafarsu shi ya jeme.
Ya kwaso bagaruwarsa da tukwane ya fito,
zamanin da tutar Nasara ke Damagaram,
kafin su naɗe ta su nufi bakin kogi.
Su ƙishirwa ta kora, in ji tsofaffi.
Mu ta san mu, mun san ta.

Ya gina rijiya, gaba goma sha ɗaya,
sai falalen dutse.
Ya matsa ya sake wata,
ya iske dutsen ya riga shi zuwa.
Har ya koma ga Mai shi bai kurɓi ruwanta ba,
sunan ne kawai ya ɓuɓɓugo.
Faɗa ma ɗan kabu-kabu, zai kawo ka ido rufe.

Shekarar da bisashe suka ƙare Buzaye suka iso,
tabarmi a ka, ba ko raƙumi ɗaya.
Sai Falmata mai kanwa da ɗiyanta biyar.
Sai Kiyari tsohon soja, ƙafa guda,
wanda ya raini bedin da kake zaune ƙarƙashinsa
da ragowar ruwan alwala.

Yau famfo ɗaya gare mu.
Sai talatainin dare yake fara tari,
jarkoki sun yi sahu tun magariba,
ba suna a jiki, kowa ya san tasa.

Yaron ya zana, ya goge, ya zana.
Gidana ya zama ɗan akwati mai lamba.
Na duba, ba rijiya.
Na ce ɗiga mata alama.
Ya ce Inna, taswira ba ta ɗaukar rijiyar da ba ruwa.

Ban ja ba. Rana ta take,
na ɗebo masa a moɗa daga abin da na kwana jira.
Ya shanye, ya dubi randar, ya dubi idona.
Da zai naɗe takardar
na ga bakin alƙalami ya tsaya wuri guda,
ya ɗan jima.