Mai Canji a Amcide

Kakana ya ce Jamus ne suka fara jan layi,
Faransa da Ingila suka zo suka sake ja.
Layin ya ratsa tsakar gidan Kellu mai daddawa:
murhunta a Kamaru, rijiyarta a Banki.
Ba wanda ya taɓa tambayar kajinta takarda.

Ni tebur na gada, sefa a dama, naira a hagu.
In ƙirga da Barbarci, in taya da Larabcin Shuwa,
in an cuce ni in yi zagi da Hausa.

Sai daren nan.
Babura, ba fitila.
Mun gane muryar ɗayansu,
yaron da ke sayar mana da fetur a kwalba.

Yanzu rami ya kewaye gari,
ciyawa ta fi ni tsawo a layin 'yan atamfa.
Danna tela ya dawo, kekensa bai dawo ba.
Gaji ba ta dawo ba,
ɗan kunnenta ɗaya ya dawo.

Na sake kafa teburin a gindin darbejiya.
Jiya wata tsohuwa ta miƙo min makullin gidan da babu shi,
ta ce, "Ɗana, nawa ne canjinsa yau?"