Hoton Hannu

Babana a Jidda bai taɓa buga kati ba.
Ka ce "Ɗanlami mai firji" kawai,
daga Bab Makka har Kilo Sitta
wani zai nuna maka lungun da leɓe.
Ƙafa ce ta kai sunansa gida-gida,
shekara talatin, Allah kaɗai ya san silifa nawa.

Ni kuwa ga difloma a cikin leda,
ga waya mai tsagaggen gilashi,
an ce mai neman aiki a yau
sai ya kafa wa kansa rumfa a cikinta.

Na ari kwat a wurin Haladu,
hannunta ya ɗara nawa da taƙi guda.
Na tsaya jikin farin bangon wani banki,
mai gadi na harara, Haladu na cewa,
"Ɗaga haɓa mana, ba bashi ka zo ci ba."
Da dare na rubuta a ƙarƙashin hoton:
ƙwararre, mai hangen nesa, mai son ƙalubale.
Na karanta sau biyu. Ban san mutumin ba.

Sati uku, mutum tara suka danna yatsa.
Bakwai 'yan gidanmu,
ɗaya Haladu, yana cigiyar kwat ɗinsa,
ɗayan ni ne, bisa kuskure.

Yayata Zulai ta leƙa, tana tsince shinkafa.
Ta ce, "Wannan na hoton
ko fanka ba zan ba shi ya kwance ba.
Ina hannun nan naka mai baƙin mai?"

Ran Talata, rana tsaka, a saman wani bene a Sabil,
zafin da sifana ke cizon tafi,
na jingina wayar da tankin ruwa
na buɗe na'urar sanyin wata tsohuwa 'yar Yaman.
Mutum biyu sun riga ni, sun sayar mata da gas.
Ashe sheƙa ce, kara da gashi da ƙwai biyu.
Na ce, "Ba gas ne ya ƙare ba, Hajiya,
tattabara ce ta tare."
Na faɗa da Larabci, na maimaita da Hausa,
na ɗora haka nan, har da gumin da ke ɗiga a kan allo.

Tun daga nan duk Talata sai na ɗora ɗaya.
Yadda ake gane ɗigo da kumfar sabulu.
Kukan injin da ke gab da mutuwa.
Ranar da na ƙona waya a gidan wani likita
na biya daga aljihuna,
ita ma na ɗora, ko da yake sai da na kwana ina juyi.
Na koma baya na share zagin da na yi wa wani
a kan ƙwallo, shekara huɗu da suka wuce,
don bango yanzu ba kunne kaɗai gare shi ba,
har ido, kuma ba ya mantuwa.

Ba a yi tururuwa ba. Ɗari biyu da 'yan kai.
Amma jiya bayan Isha saƙo ya shigo
daga wani mai kula da gyare-gyaren otal a Yanbu:
"Kai ne na tattabara? Zo ran Lahadi da takardunka."

Na miƙa wa Baba wayar.
Ya nesanta ta da ido, ya kalla har ƙarshe, shiru.
Can ya ce, "Ka matse nat ɗin nan da yawa."
Sai kuma, "Mayar da shi farko."

Haladu ya aiko da kwat, a goge.
Tana rataye a ƙusa tun safe.
Ni ina bakin famfo da burushi da omo,
baƙin ƙarƙashin farce ya ƙi fita.
Motar Yanbu ƙarfe biyar take tashi.
Na rufe famfon.