Idon Gidado

A Muda Lawal na tsince shi,
cikin kwandon wani yaro mai gyaran rediyo,
tsakanin mataccen batir da kaset mai zazzagaggen zare.
Ya ce kayan babansa ne, Gidado mai hoto,
wanda ya rufe shago a Kobi, daga baya ƙasa ta rufe masa ido.
Dubu shida ya yanka. Na taya huɗu.
Ya ce albarka. Na juya. Ya ce kawo.
Ko kuɗin zakara bai kai ba.

Ƙarfe ne zalla, da nauyi kamar dutsen guga,
lambobin jikinsa duk sun koɗe.
Na ɗaga shi a rana na leƙa,
sai ga fumfuna ta yi saƙa a gefe
kamar gizo-gizo ya taɓa kama haya a ciki.

Bakinsa bai zo ɗaya da na kyamarata ba.
Ita 'yar bara ce, shi ya girme ni.
Sai da aka kawo zobe daga Kano,
mako biyu ina sintiri a tasha,
kafin suka yarda suka gaisa.

Ran farko, gaban tandar Adda Dudu a Wunti.
Na murɗa dama, masa ta narke.
Na murɗa hagu, Adda ta koma hayaƙi.
Kafin in daidaita ta kwashe tanda uku,
ta ce, "Ɗan nan, hoto kake ko tsifa?"
Arba'in na ɗauka. Uku suka rayu.

Idon zamani ba ya shawara da kai,
ka taɓa, ya yi ƙit, ya cafke na kusa.
Wannan kuwa kurma ne, kuma bebe.
Sai ka nuna masa wanda kake nufi
da yatsu biyu, numfashi a riƙe,
kamar mai zura zare a allura da magariba.

Ranar Juma'a na kai shi Unguwar Reluwe.
Baba na zaune gindin darbejiya,
yana ta cinye masa idon hagu, na dama na bin sawu.
Ya karɓa, ya shafa, ya auna a tafi.
"Gidado? Ai shi ya ɗauke ni
ranar da na kama aikin jirgi.
Sai da wuyana ya ƙage yana ta murɗe-murɗe."
Ko da wannan ne, ko da wani,
bai sani ba, ni ma haka.
Ya gyara zaman hula ya ce, "To, murɗa."

Na murɗa.
Hasken la'asar ya shigo ta gefe,
gilashin ya kurɓa ya furzo shi ruwan zuma.
Daidai na danna, jikarsa ta ƙwala masa kira daga zaure,
ya waiga.

Da dare na duba.
Fuskar ta tafi, ta narke cikin ganye,
hula ta zama inuwa, gemu gajimare.
Amma hannun da ke kan gwiwa ya fito tar:
jijiyoyi, fasasshen farce,
da tabon da ƙugiyar tarago ta bar masa
a tashar Bajoga, shekarar da aka haife ni.
Shekara talatin ina karɓar kuɗin tara daga hannun nan,
da mari sau biyu,
ban taɓa tsayawa na kalle shi ba.
Yatsana ya je kan maɓallin gogewa,
ya tsaya.

Washegari na nuna masa.
Ya kai allon har hanci, ya jima,
ya ce, "Haka nake ganinku yanzu.
Duk kun koma tururi,
sai abin da na taɓa."

Ban goge ba.
Fumfunar ma na fasa kaiwa a wanke.