Hannun Nomau a Maƙerar Arzika

Da hantsi na shiga maƙerar Arzika
a bayan tashar kwalekwale ta Yawuri,
aljihuna cike da fankon kwanson harsashi
suna kaɗawa kamar haƙoran mai zazzaɓi.

Ya ce, "Nomau, lafiya?"
Ban amsa ba. Na miƙa masa hannuwana,
ya gan su suna rawa ba a buga musu ganga ba.

Shekara arba'in da huɗu ina cika kwanso da kaina.
'Yar ƙwayar wutar nan da ke zama a gindin harsashi,
a da nakan ɗauke ta da yatsa biyu, ina hira,
in zaunar da ita a gurbinta
ko fitila ban matso da ita ba.
Yanzu ta fi ni wayo.
Jiya uku suka kuɓuce mini,
sai da jikata Ige ta rarrafa ƙarƙashin gado
tana nemo su da tocila.

Arzika ya kakkaɓe buhu, ya jera abu uku.

Na fari ɗan sandan ƙarfe da guduma,
irin wanda mahaifina ya bar mini.
Na ɗaga, na ajiye.
Wannan so yake ido da hannu su zama baki ɗaya,
nawa kuwa sun daɗe ba sa ga maciji.
Bugu ɗaya a karkace ya isa.
Je ka tambayi Ɗanjimma ina babban yatsansa.

Na biyu kamar awartaki, da tafi ake matsawa.
Na matsa sau ɗaya, ya yi daɗi.
A na biyar gaɓoɓina suka fara salati.
Sanyin ƙashi ba ya jin lallashi,
ya san ni tun ina kwana cikin fadama
ruwa iya gwiwa.

Na uku mummuna ne, ba a ɓoye ba:
ƙafar keken ɗinkin da ya mutu, da dogon mariƙi,
a kafe shi a jikin benci,
kafaɗa ta yi aikin da yatsu suka ƙi.
Na danna a hankali kan kwanso fanko.
Ba a ganin zaman da ido,
a ƙashin hannu ake jin sa,
kamar yadda ƙafa ke sanin ta taka tudu cikin duhu.

Na ce, "Wannan ai ba a zuwa daji da shi."
Ya ce, "Kai yaushe rabonka da kwanan daji?"
Na yi shiru.
Zugazugi ya yi numfashi a madadina.

Gaskiya ya faɗa.
Yau iyakata bakin gonar shinkafa,
inda gadu ke shigowa bayan lisha.
Nakan harba sama, ɗaya ko biyu,
don su san tsohon yana nan.

Ya ce dubu tara. Na taya shida, ya ce albarka.
Muka tsaya a bakwai da kwandon busasshen kifi,
bashi, sai ruwa ya janye.

A kwalekwale na rungume shi kamar ɗan akuya,
wani Basarke yana ta kallona, bai tambaya ba.

Da dare na kafe shi a ƙofar ɗaki, na sa tabarau.
Ige ta ce, "Kaka, in danna maka?"
Na ce, "A'a. Ja baya, haska mini daga can."
Takwas na cika kafin barci ya zo.
A da, kafin tuwo ya huce na yi talatin.

Sandan mahaifina na naɗe a tsumma,
na tura ƙasan akwati, kusa da layunsa.
Guduma kuwa na ba Ige,
tana fasa goruba da ita.