Ragowar Ragowa

Kawu Barau ya dawo Auyo da tari
da hular kwano mai tsaga a gefe.
Shekara ashirin da biyu yana tsaron
gindin tukunyar matatar mai,
inda abin da ya ƙi tashi ke kwantawa,
baƙi ƙirin, da kaurin kunun da ya kwana.

"Da can kwalta ce makomarsa," in ji shi,
"sai muka koyi ƙara masa wuta,
mu matsa, mu zuba hodar da ke tsinka sarƙarsa,
har ya saki kananzir,
ya saki fetur ɗin da injin ban-ruwan Talle
ke kwankwaɗa a bakin fadama."

Inna Tabawa ba ta ɗago ba.
Tana juya tunkuza a turmi,
ta ɗiga ruwan zafi, ta sake juyawa,
mai na tsattsafowa
daga inda ni na ce ya ƙare.

"To, ragowar ragowar fa?"
"Gawayi, Yaya. Ya fi marmara tauri."
"Namu dai ƙuli-ƙuli ne."

Ta miƙa masa uku masu zafi.
Ya jujjuya su a tafi,
yana laluben haƙorin da zai iya.