Huɗu Ba Sifili Ba Ne

An tsai da izin tun asubar Lahadi.
Tukunyar tururi ta huce, ƙanshin tunkuza ya lafe a bango.
Ni da bawul muka rage bayan tankin man gyaɗa,
shi da wuyansa na ƙarfe,
ni da ɗan akwatin da bai cika tafin hannu ba.

Na zare waya biyu, ja da baƙa,
na raba shi da ɗakin da ke ba shi umarni,
na maƙala nawa.
Yau ni ne ɗakin.
Ƙarya zan yi masa don in ji ko yana da gaskiya.

Miliyamfa huɗu: ya rufe ruf.
Takwas: ya ɗaga kwata, iska ta yi tsaki a cikinsa.
Sha biyu, rabi ya kamata,
sai sandar ta cije,
ta tsaya ƙasa da zane da kaurin farce.
Na sauko, na sake hawa sannu
kamar mai lallaɓa amalanke a yashin Gulbi.
Nan dai ta kuma cijewa.

Na sassauta noti biyu, na goge tsatsa da gefen riga,
na ɗiga mai, na jira.
Sha biyu: rabi cif.
Sha shida. Ashirin:
ya wangame baki, ba ko ɗigo da zai wuce,
bututu wayam, amma ya yi biyayya
kamar Maradi duka na jiran mai a bayansa.

Nomau ne ya koya mini wannan,
shekara tara ke nan, a gindin wannan tanki,
goro a kunci, sukundireba a bayan kunne.
Ya ce, Sahabi, me ya sa ba a fara daga sifili ba?
Na ce ban sani ba.
Ya ce, huɗu shiru ne na mai rai.
Bawul a rufe, amma kuran na zagayawa,
yana cewa ina nan, ina nan.
In ka ga sifili, waya ta tsinke.
Kada ka haɗa su.

Da la'asar na tura moto zuwa Bagalam.
Wata uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye.
Tsahara ta ɗaga labule ta ce,
shiga, amma ba ya ji, likita ma ya faɗa.
Fanka na juyawa. Ƙuda a bakin kofi.
Idonsa na kan rufi, inda kwano ya huje.

Na zauna, na sa hannunsa cikin nawa,
hannun da har yanzu baƙin giris bai bar layukansa ba.
Na ce, Maigida, bawul na uku ya cije a sha biyu.
Shiru.
Na ce, na ɗaure notin tamau, shi ke nan.

Ƙarya ce. Ya sha marin ƙeyata a kan haka.

Na jira.
Ladan ya fara kira a masallacin kwana.
Sai babban yatsa ya motsa,
ya danna bayan hannuna,
kaɗan, kaurin farce,
ya sake dannawa.

Tsahara ta ce, me ya faru?
Na ce, faɗa yake mini.

Da dare na buɗe littafin aiki.
Bawul na uku: an gyara, yana bin umarni.
A ƙasa, da fensir, inda shugaba ba ya dubawa,
na rubuta: Nomau, huɗu.