Hannun Dillali

Shekara talatin da biyu ina ci da tafin hannu,
Ba ni da gonar kirki, ba ni da garken shanu,
Igiya ɗaya, sanda ɗaya, sai baki da idanu,
Alhamis ta yi, ina Maigatari tun kafin a cika kasuwa.

In kama hannun Bafillace, in kama na mai saye,
Wannan ya ce albarka, wancan ya nemi janye,
In jawo shi, in yi fushin ƙarya, a zage ni in shanye,
Har a sallama, a ƙirga la'ada, mu koma inuwa.

Wata Laraba rediyo ya ce kowa ya zauna gida.
Na ce wa Tabawa, ciwon masu hawa jirgi ne,
Ina ruwan korona da mai takalmin taya?
Da asuba na ɗau sandata na nufi kara.
Turaku na tsaye, babu ko akuya,
An ja sarƙa a ƙofa, ɗan sanda na hamma,
Kashin shanun makon jiya ya bushe, ba kowa.

Mako na uku muka taɓa geron iri.
Na biyar na sayar da rediyon da ya kawo labari.
Tabawa ta kife tukunyar dambun tasha,
Ilu ya jingine tirela, yana yankan ciyawa.

Barau, abokin gardamata, tari ya tafi da shi.
Mu tara muka sallace shi, kowa nesa da ɗan'uwa,
Na dawo da hannuna a aljihu, ban ba ɗansa gaisuwa.

Sai Nafi'u ya dawo, an rufe makarantarsu a Kazaure,
Da waya mai tsagaggen gilashi, ya ce, Baba, tashi mu je ruga.
Na ce, yaro, ana cinikin sa a hoto?
Ya ce, to, a zauna a yi cinikin yunwa.

Muka hau babur zuwa wurin Jauro Ori.
Na buɗe bakin bijimi, waya ta ƙirga haƙori,
Na ɗaga wutsiya, na bugi tozo, na zagaya da shi sau biyu,
Lamidi na Ibadan, fuskarsa kamar ƙwayar goro,
Yana ihu daga cikin gilashi, a rage, Alhaji, a rage!
Na miƙa hannu in kama nasa, na kamo iska.
Ori ya yi dariya har da riƙe ciki.
Can wayar ta yi kuka irin na ɗan tsako,
Nafi'u ya ce, kuɗi sun shigo.
Na ce, ina? Ban ji warinsu ba, ban ga ana ƙirgawa.

Yanzu an cire sarƙa, kara ta cika kamar da,
Amma Lamidi bai ƙara hawo mota ba,
Ya ce me zai kai shi kwana biyu a hanya?
Mai masaukinsa ya zuba kaji a ɗakin baƙi,
Yara sun tsaya kan turaku, kowa da waya a sama,
Sunan Nafi'u ake kira, ni ana ce min baban mai turawa.

Ban yi fushi ba. Gilashi bai san sa mai ciwon hanta ba,
Bai san wanda aka ɗura wa ruwa da gishiri daren jiya ba.
In yaron ya rikice, ni yake waiwaya,
In shafa haƙarƙari, in ɗaga kai ko in girgiza,
La'ada mu raba biyu, nasa kason na ƙaruwa.

Jiya Ori ya sayar da karsana, ciniki ya faɗa a waya.
Ya juya zai tafi, sai ya tsaya,
Ya goge tafinsa a riga, ya miƙo min.
Na riƙe, na riƙe, har Nafi'u ya ce, Baba, ana jira,
Na ce, su jira. Wannan ba ta shiga waya, ba ta turuwa.